Sau 11 na faɗi tsakanin Assam da Kunming, kuma sau ɗaya ne laifin abokan gaba

Shekara 26 na yi ina cika takardar lodi a filin jirgin sama. Aikin ba shi da wani ado: ka san nauyin duk abin da zai shiga jirgi, ka san inda za a ajiye shi, ka yi lissafi, ka sa hannu, matuƙi ya duba ya sa nasa. Ban taɓa tuƙa jirgi ba. Da na ajiye aiki sai ya zama duk wanda ya zauna kusa da ni sai ya sha labarin nauyi da daidaito, har ɗan ƙanwata ya gaji. Wata rana ya shigo da kwali a hammata, ya fito da sandar tuƙi da totur da fedoji, ya jona su a kwamfutata, ya ce, "Kawu, ga inda za ka riƙa kai lissafinka, mu kuma mu huta."

Abin da ya saka mini ƙari ne da ake ɗorawa a kan babbar manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi. Wata ƙaramar ƙungiya ta masu sha'awar tarihin jirage ce ta haɗa shi, kuma gaba ɗayansa a kan jiragen dakon soja ne a lokacin yaƙi, da yadda suka riƙa faɗuwa. Ba zan kama sunansu ba, domin akwai ƙorafi tsakanina da su, ba na so ya zama kamar ramuwa na zo yi. Wata biyar ke nan ina amfani da shi kusan kullum.

Kashi biyu ne. Babban kashin shi ne hanyar da Amurkawa suka kira Hump, wato tozo, a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙaramin kuma wasu fayiloli ne na hatsarurrukan da suka auku a yaƙe-yaƙe daban-daban, wasu a karanta, wasu a gwada tuƙawa.

Ga wanda bai san labarin Hump ba: a watan Maris na 1942 Japan ta kama Rangoon, babban birnin Burma, cikin 'yan makonni ta datse Hanyar Burma, wadda ita ce ta rage da ake kai wa Sin kayan yaƙi ta ƙasa. Sai aka koma sama. Jirage suna tashi daga filayen Assam a arewa maso gabashin Indiya, irin su Chabua da Dinjan da Jorhat, su tsallaka gabashin Himalaya su sauka a Kunming, a lardin Yunnan na Sin. Tafiyar kusan kilomita 800 ce. Amma Chabua tana ƙasa-ƙasa a kwarin kogin Brahmaputra, Kunming kuwa tana kusan mita 1,900 a sama, a tsakani ga tsaunukan Patkai, ga Kumon, ga Santsung da ke tsakanin kogin Salween da Mekong, waɗanda suka haura mita 4,000. Daga Afrilun 1942 zuwa Nuwamban 1945 an kai kaya tan 650,000. An yi asarar jirage 594, mutum 1,659 suka mutu ko suka ɓace. Mafi yawansu ba harsashin Japan ne ya taɓa su ba. Tarkacen ya yi yawa a kan duwatsun har matuƙan suka riƙa kiran hanyar titin alminiyam.

Ranar farko minti arba'in na yi ban kunna inji ba, ina shafin lodi. Nan ne na san mutanen da suka yi abin nan sun yi bincike, ko kuma akwai ɗan sana'armu a cikinsu. Ana nuna maka cikin jirgin C-47 daga sama, ga gangunan fetur a gefe, ga akwatunan harsashi, ga tayoyin mota, kai za ka ja kowanne ka ajiye inda ka ga dama. Gangar fetur cikakkiya ta kai kusan kilo 170. Idan ka zaɓi mataki mai sauƙi, manhajar za ta nuna maka inda tsakiyar nauyin ya faɗa. Idan ka zaɓi mai wuya, sai dai ka ɗauko biro da takarda, ka ninka nauyin kowane kaya da nisansa daga hancin jirgi, ka tara, ka raba. Na ɗauko biro. Ban faɗa wa kowa a gidan ba, amma na ji daɗin da rabona da shi tun ranar da na miƙa katin aiki.

Sai ga abin da ya sa na ce akwai ɗan sana'a a cikinsu. Ka gama lissafi, ka sa hannu, kana shirin rufe ƙofa, sai saƙo ya fito: sajen lodi ya ce akwai ganga biyu da suka rage da sojoji uku da ke jiran jirgi tun jiya, ka taimaka. Ba sa cikin takarda. In ka ƙi, makinka ya ragu. In ka karɓa, ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa aiki a bakin ƙofar jirgi ya san wannan mutumin. Koyaushe yana da ganga biyu, koyaushe kuma yana ce maka ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni dai a aikina ban taɓa ganin idon da ya san kimar kilo 500 a bayan fiffike ba.

Na karɓa, don in ga abin da zai faru. Babu abin da ya faru. Jirgin ya ci titi fiye da yadda ya saba, ya tashi lafiya, na ce ashe ƙarya ce. Sai bayan kusan rabin awa, da Patkai ta tsaya a gabana, na tura totur har ƙarshe, allurar hawa tana nuna mini abin da bai kai ya kawo ba. Na juya in yi zagaye in ƙara tsawo, gajimare ya rufe ni, na daki dutsen da ban gani ba. Wannan ita ce faɗuwata ta farko, kuma ita ce ta sa na yarda da manhajar. Obalodi ba kasafai yake kashe mutum a bakin titi ba. Jira yake sai lokacin da kake buƙatar mita 300 ɗin da ba ka da su, ko lokacin da inji ɗaya ya mutu ɗayan ya kasa riƙe nauyin. Na sha faɗa wa yara sababbin shiga aiki wannan magana da baki, suna gyaɗa kai. Da ina da wannan abin a lokacin, da na zaunar da su a gabansa na yi shiru.

Ɗaurin kaya ma sun yi shi daidai. Kana iya ɗaure ganguna da igiya kaɗan ka tashi da wuri, ko ka ɓata lokaci ka ɗaure su tamau. Wanda ya yi ganganci, da zarar iska ta jijjiga jirgin zai ji ƙarar gungurawa a bayansa, nauyi ya koma wutsiya, hanci ya ɗaga, gudu ya faɗi, fukafukan su daina ɗaukar iska. Daga nan komai ƙwarewarka ka zama fasinja. Faɗuwata ta uku ke nan, kuma na ji kunya ƙwarai, don wannan ba laifin tuƙi ba ne, laifin sana'ata ne.

Ƙanƙara ita ce ta fi cin raina, ita ce kuma inda aikinsu ya fi kyau. Ta hanya uku take zuwa. Tana taruwa a goshin fiffike ta ɓata siffarsa, sai ka kunna robar da ke kumbura tana fasa ta. Tana kama farfela, sai ka sakar mata ruwan sifirit, ta ɓalle gutsi-gutsi tana dukan jikin jirgin. Wannan ƙarar sun yi ta yadda ranar farko uwargida ta leƙo tana tambayar abin da na fasa. Ta ukun ita ce muguwar, don ba ka ganinta: tana toshe maƙogwaron kafireta, ƙarfin inji yana raguwa a hankali, in ba idonka na kan geji ba sai dai ka ji shiru. Maganinta ka buɗe wa kafireta iska mai zafi, amma iska mai zafi tana rage ƙarfi, kai kuma ƙarfin kake nema ka tsallake dutse. Ko'ina ka juya akwai abin da za ka biya. Sau huɗu ƙanƙara ta kayar da ni, uku daga ciki ta kafireta.

Sai iska. A kan waɗannan duwatsu iskar da ke bugowa daga gefe takan kai kilomita 160 a awa, ta ɗauke jirgi daga hanya ba tare da matuƙi ya sani ba. Abin da suke dogaro da shi allura ce da ke nuna inda tashar rediyo take, ita kuma in akwai tsawa a kusa sai ta bar tashar ta riƙa nuna hadarin. Manhajar ta kwaikwayi wannan ha'inci sarai. Ka bi allura da zuciya ɗaya, ta kai ka tsakiyar abin da kake gudu. Akwai aiki guda da suka gina a kan guguwar farkon Janairun 1945, wadda ta cinye jirage fiye da goma cikin kwana biyu. A ciki iska takan ɗaga ka sama kamar takarda ko da ka mayar da totur baya, sannan ta sake ka. Sau shida na gwada, sau biyu na faɗi, sau huɗu na juyo Assam. Ban taɓa kaiwa Kunming a wannan daren ba, kuma na daina jin haushin hakan.

Jirage uku suka ba da. C-47 shi ne mai haƙuri, inji biyu masu ƙarfin doki 1,200 kowanne, yana yafe kuskure, amma kayan da yake ɗauka kaɗan ne kuma hawa sama sosai yana ba shi wuya. C-46 ya fi shi girma, injinansa doki 2,000 kowanne, yana ɗaukar kusan ninki biyu, shi ne ainihin jakin hanyar. An tura shi fagen aiki tun ba a gama gano cututtukansa ba. Mafi muni, fetur yakan yoyo ya taru a gindin fiffike inda babu mafitar iska, tartsatsi ɗaya sai jirgi ya tarwatse a sama. Na yi ta tunanin yadda za su saka wannan a manhaja ba tare da ya zama caca ba. Dabarar da suka yi ta burge ni: kafin tashi ana ba ka rahoton makaniki, wani lokaci a can ƙasa za ka ga an rubuta cewa an ji warin fetur a fiffiken hagu, an duba ba a ga komai ba. Kana da ikon ƙin jirgin. In ka ƙi, makinka ya sauka, kwamanda ya aiko maka da baƙar magana. In ka karɓa, galibi lafiya za ka je ka dawo. Galibi.

Na ukun, C-87, jirgin yaƙi ne mai inji huɗu da aka mayar na dako, wanda a tarihi an san shi da rashin jure ƙanƙara ko kaɗan. A nan aikinsu bai nuna ba. Rabin makunnan da ke gaban matuƙi ba sa aiki, ƙarar injin kamar aro aka yi daga wani jirgin, kuma ƙanƙarar da ya kamata ta fi damunsa ba ta yi masa komai. An ce za a gyara a sabuntawa ta gaba. Wata biyar ke nan ana cewa haka.

Wani abin da suka kama daidai shi ne yadda aikin ya canza da lokaci. A 1943 kana tashi da jirgin da aka yi wa gyaran dole, shugabanni kuma sun ba da umarnin a tashi ko yanayi ya yi kyau ko bai yi ba. A watan Mayun 1944 aka ƙwace filin jirgin Myitkyina da ke arewacin Burma daga hannun Japan, jiragen yaƙinsu suka daina tare hanya daga can, aka samu damar bi ta kudu inda duwatsun suka fi gajarta. A watan Satumba na wannan shekara Janar William Tunner ya karɓi ragama, ya tsara gyaran jirage tamkar layin masana'anta, kowane jirgi ya bi tasha bayan tasha ana duba shi, ya matsa a kan bin ƙa'ida da binciken kowane hatsari. Matuƙa da yawa ba su so shi ba. Amma kaya suka ƙaru, har a watan Yulin 1945 aka kai tan 71,000 a wata ɗaya, yawan hatsari a kan kowace tafiya kuma ya ragu. Shi ne mutumin da aka kira daga baya, a 1948, ya tsara jigilar kaya ta sama zuwa birnin Berlin. A cikin manhajar, da ka shiga ƙarshen 1944 za ka ga rahoton makaniki ya yi tsafta, sajen mai ganga biyu ya rage zuwa. Ba su yi wa'azi a kai ba, sun bar mutum ya lura da kansa. A faɗuwata 11, guda 9 kafin zuwan Tunner ne. Guda ɗaya tak jirgin Japan ya harbo ni, a kan arewacin Burma, da rana tsaka, don na bi ta kudu ina gudun dutse.

Fayilolin hatsari guda goma sha biyu ne, kuma ba duka suka yi daidai ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Jalalabad a Afganistan, 2 ga Oktoban 2015. Jirgin C-130J ne na sojan saman Amurka, ana sauke kaya ana loda wasu da daddare, injina a kunne. Kayan dogaye ne, sai aka nemi matuƙi ya ɗaga fiffiken wutsiya don a samu wurin wucewa. Ya ja sitiyari ya riƙe, da ya gaji sai ya ɗauki akwatin tabaran ganin dare ya tokare sitiyarin da shi. Aka gama lodi, aka manta da akwatin. Da suka tashi hanci ya ɗaga fiye da kima, suka zaci wata matsala ce daban, suka yi ta neman gyara ta, sitiyari kuwa ba zai tafi gaba ba saboda akwatin. Cikin ƙasa da rabin minti jirgin ya faɗo a kan hasumiyar masu gadi. Mutum 11 na cikin jirgin da 3 a ƙasa suka rasu. Manhajar tana zaunar da kai a kujerar, cikin duhu, da koren hasken tabarau, ba ta gaya maka komai ba. Na san labarin tun kafin in gwada, amma duk da haka sai da na yi daƙiƙa goma ina laluben makunni kafin in tuna in duba gaban sitiyari. Mutumin nan taimakon 'yan lodi ya yi. Ni ma na sha roƙon matuƙa irin wannan alfarmar.

Na tsibirin Sisili a Italiya ma ya yi kyau. Daren 11 ga Yulin 1943, jirage 144 ɗauke da sojojin laima na Amurka suka biyo ta kan jiragen ruwansu a gaɓar Gela, jim kaɗan bayan Jamusawa sun gama kai hari ta sama. Wani ya buɗe wuta, kowa ya bi. Aka kakkaɓo jirage 23, nasu da hannunsu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a mamayar Normandy ta Faransa, shekara guda bayan haka, aka yi wa jirage ratsin fari da baƙi a jiki da fukafukai. A manhajar kana tafiya ƙasa-ƙasa a jere da 'yan uwanka, babu bindiga, babu sulke a tankin mai, kuma ba ka da wanda za ka kira ka ce ku daina, mu ne.

Na Tachikawa karatu ne kawai: 18 ga Yunin 1953, C-124 ɗauke da sojojin da suka gama hutu a Japan za su koma Koriya, inji ya lalace bayan tashi, jirgin ya faɗi a gona, mutum 129 suka mutu. Shi ne hatsarin jirgin sama na farko da ya ci rai fiye da ɗari, kuma saura kwana 39 a tsagaita wuta a yaƙin Koriya. Haka na Bakers Creek a Ostireliya, 14 ga Yunin 1943, inda mutum 40 cikin 41 suka mutu, aka kuma rufe labarin saboda takunkumin yaƙi. Sun rubuta su a taƙaice, babu ƙarin gishiri, na ji daɗin hakan.

Guda biyu ne ban yarda da su ba. Na Jibralta, 4 ga Yulin 1943, inda jirgin Janar Sikorski, firaministan gwamnatin Poland da ke gudun hijira, ya faɗa teku daƙiƙa 16 bayan tashi, matuƙi kaɗai ya tsira. Binciken Birtaniya ya ce sitiyarin ne ya cije. An tono gawar a 2008, aka ga raunukan irin na hatsarin jirgi ne, masu binciken Poland kuma suka rufe shari'ar a 2013 ba su sami hujjar maƙarƙashiya ba. Amma masu manhajar sun ba da layi uku ga wannan, suka ba da shafi biyu ga zargin wa ya kashe shi, har da kiɗa mai tayar da tsikar jiki. A wurin da ya kamata su yi maganar lodi da yadda kaya ke iya shiga tsakanin wayoyin sitiyari, sun tafi neman 'yan kallo.

Ɗayan ya fi ɓata mini rai. Saigon, 4 ga Afrilun 1975, jirgin C-5A ɗauke da yara marayu da ake kwashewa daga Biyetnam. Minti 12 bayan tashi makullan ƙofar baya suka saki, ƙofar ta fice, ta tsinke wayoyin da ke juya wutsiya. Kyaftin Dennis Traynor ya riƙa ɗaga hanci da sauke shi da ƙarfin injina kawai, ya juyo da jirgin, ya faɗi a gonar shinkafa kafin titi. Mutum 138 suka mutu, 78 yara ne, 176 kuma suka tsira, wanda ba don abin da ma'aikatan jirgin suka yi ba da babu mai fita. A ba mutum ya gwada wannan tuƙin, ban ga laifi ba, akwai darasi a ciki. Amma a ƙarshe allo ya fito da taurari biyar da adadin waɗanda ka ceta, da jerin sunayen 'yan wasan da suka fi kowa maki a duniya. Sau ɗaya na buɗe shi. Na rubuta musu na ce su cire makin daga wannan fayil ɗin. Bayan mako uku aka amsa mini da godiya, ba a taɓa komai ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne, in ban da ɗaya. Littafin bayani da Turanci kawai yake, rubutun ƙanana. Komai da fam da galan da ƙafa ne, wanda ya dace da zamanin, amma da sun ba da zaɓin kilo da mita ga mai koyo. Muryar hasumiya jimla goma take da su, tana ta maimaitawa. In gajimare ya yi kauri tsohuwar kwamfuta takan riƙa tsinkewa, kuma daidai lokacin ne kake buƙatar ta yi sumul. Babbar matsalar ita ce in ka ajiye tafiya a tsakiya ka dawo washegari, wani lokaci nauyin kayan yakan koma sifili. Ka bar jirgi yana nishi a kan Salween, ka dawo ka tarar yana tsalle kamar ɗan maraƙi. A manhajar da ƙashin bayanta nauyi ne, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Yanzu ba na ajiyewa, in na tashi sai na sauka ko na faɗi, awa uku zuwa huɗu a zaune.

Akwai kuma mutanen da babu su a ciki sam. Filin jirgin fes yake, kaya suna shiga da kansu. A gaskiya leburori Indiyawa ne suka yi ta ɗora gangunan nan da hannu a cikin zafi da damina, a wasu wuraren har da giwaye, a can Yunnan kuma dubban Sinawa suka fasa dutse suka ja abin daɓe da igiya suka shimfiɗa titunan. Matuƙan kamfanin jiragen Sin, CNAC, waɗanda suna cikin na farko da suka buɗe hanyar, ko ambatonsu ba a yi ba. In ka yi tsalle da laima kuma, allo baƙi ne kawai zai fito. Alhali a ranar 2 ga Agustan 1943 mutum 20 suka yi tsalle daga C-46 guda, har da ɗan jaridar nan Eric Sevareid, suka sauka a ƙasar mutanen Naga, a kan iyakar Indiya da Burma, aka riƙa jefa musu abinci da magani ta sama, suka yi kusan wata guda kafin su fito da ƙafa. Akwai rundunar ceto da Kyaftin John Porter ya kafa don irin wannan aikin, shi kansa a bakin aikin ya rasu a watan Disamban 1943. Duk wannan abin da za a gina rabin manhaja a kai ne, sun bar shi.

Gajiya kuwa ba su da yadda za su yi da ita. Matuƙan Hump sukan yi awa 12 ko fiye a rana, da abin shaƙar iska a fuska, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, wasu ga zazzaɓin cizon sauro a jiki. Ni ina kan kujera mai laushi. Sun saka wani geji da ke sa allo ya ɗan dushe in ka yi tafiya biyu a jere, amma wasa ne. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tsarin rai ɗaya: ka ƙirƙiri matuƙi, in ya faɗi an share shi da duk awoyinsa, babu maɓallin sakewa. Faɗuwa 11 ɗin da nake ƙirgawa duk a wannan tsarin ne. Matuƙina na yanzu shi ne na 12, yana da awa 140, kuma na lura na zama matsoraci da shi. Ina duba rahoton makaniki sau biyu.

Wanda ke neman harbi da juyi a sama, kada ya ɓata lokacinsa, awa uku zai yi yana kallon allura. Ga mai koyon aikin lodi, ko makaniki, ko wanda ke sha'awar tuƙi da gaske, ko mai son tarihin yaƙi ta fuskar da ba a cika nunawa ba, ya cancanci a saya, muddin ya bar C-87 a ajiye kuma bai dogara da ajiye tafiya ba. Sandar tuƙi da totur dole ne. Fedoji za a iya haƙura da su da farko, amma ranar da inji ɗaya ya mutu za ka neme su.

Makon jiya ɗan ƙanwata ya zo ya tarar ina shafin lodi a Chabua, C-46, Fabrairun 1944. Ya ja kujera ya zauna. Sajen ya fito da ganga biyunsa da sojoji ukunsa. Ya ce, "Kawu, karɓi mana, jirgin nan zai ɗauka." Na nuna masa takardata, na danna a'a. Muka tashi, ƙanƙara ta kama mu a kan Kumon, na buɗe iska mai zafi, muka tsallake Santsung da abin da bai fi mita 200 ba. Bayan awa uku da minti ashirin na sauka a Kunming, da ɗan tsalle ɗaya a kan titi. Allo ya fito. Ya leƙa, ya yi dariya, ya ce, "Tauraro biyu aka ba ka cikin biyar, Kawu. Wai ka bar kaya a ƙasa."

Na rubuta lokacin sauka a ƙasan takardar, na sa hannu, na saka ta a fayil tare da sauran.